Coci ranar Lahadi, asibiti ranar Litinin: shari'ar Scott Roeder da hujjar kare rai

Ranar Lahadi 31 ga Mayu, 2009, Dokta George Tiller yana tsaye a farfajiyar cocin da yake zuwa a birnin Wichita na jihar Kansas a Amurka, yana raba wa masu shigowa takardar tsarin ibadar ranar. Matarsa tana ciki tare da mawaƙan coci. Wani mutum mai suna Scott Roeder, ɗan shekara 51, ya tako har gabansa ya harbe shi a ka, harbi ɗaya. Mutum biyu suka bi shi, ya juyo ya nuna musu bindigar, ya shiga mota ya bar wurin. Kafin yamma 'yan sanda sun tare shi a kan babbar hanyar da ta nufi Kansas City.

Tiller yana da shekara 67, kuma yana cikin 'yan tsirarun likitocin Amurka da ke zubar da cikin da ya tsufa, wanda ya haura wata biyar. Roeder bai taɓa musun cewa shi ya kashe shi ba. Da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida tun yana tsare, ya kuma maimaita a gaban kotu. Abin da ya zo da shi kawai shi ne: kisan nan halal ne a doka, domin ya yi shi ne don ya ceci rayukan jariran da likitan zai kashe. Kamar yadda doka ta yarda mutum ya kashe wanda ya zaro wuƙa zai yanka yaro, in ji shi, haka ya kamata ta yarda masa.

Aikina lauya ne, kuma yawancin shari'o'in da nake yi na manyan laifuka ne. Babu hujjar da nake ji a bakin waɗanda ake tuhuma kamar "kare kaina na yi", kuma babu wadda mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta kamarta. Shi ya sa shari'ar Roeder ta daɗe tana ba ni sha'awa. Gara kuma in faɗi inda na tsaya tun yanzu, don kada wani ya karanta rabi ya soma yi mini wa'azi: ba na goyon bayan zubar da ciki, sai inda ran uwa ke cikin haɗari. A kan Malikiyya na tashi, kuma mazhabarmu tana cikin waɗanda suka fi tsanantawa a wannan babi. Duk da haka ina ganin alƙalin Wichita ya yi daidai da ya toshe wa Roeder wannan ƙofa, kuma da ni ne a kujerarsa haka zan yi.

Dokar kare kai, ko kare wani, kusan ɗaya ce a duk ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, har da mu. Dole harin da ake karewa ya zama na haram a idon doka. Dole ya zama ya iso, yana faruwa ko yana gab da faruwa. Dole ƙarfin da aka yi amfani da shi kada ya wuce gwargwadon buƙata. Sannan dole mai hankali, da zai tsaya a inda wanda ake tuhuma ya tsaya, shi ma ya ga abin da ya gani. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkinmu na 1999 ma, da ya zo halatta kisa don kare wani, sai da ya ɗaure maganar da cewa kariya ce daga farmakin da doka ta haramta. Wanda ya faɗi a sharaɗi ɗaya ya faɗi gaba ɗaya. Roeder a biyun farko ya faɗi, kuma faɗuwar ba ta kusa ba ce.

Na lokaci ya fi sauƙin gani. A shaidar da ya bayar a watan Janairun 2010, Roeder ya zauna ya zayyana yadda ya shafe shekaru yana tunanin hanyar da zai bi. Ya yi tunanin ya banke motar likitan da tasa. Ya yi tunanin ya sare masa hannuwa da takobi, sai ya ga ai ko ba hannu zai iya koya wa wasu. Ya sayi bindiga, ya je ya gwada harbi. Ya shiga cocin nan a wasu lokuta kafin ranar. Da aka tambaye shi dalilin zaɓen coci, amsarsa ita ce nan ne kaɗai zai iya kai wa gare shi. Gaskiya ya faɗa. An sa wa asibitin Tiller bam a 1986, wata mata mai suna Shelley Shannon ta harbe shi a hannuwa biyu a 1993, don haka ya mayar da asibitin kamar barikin soja, yana sa rigar sulke, yana shiga mota mai sulke.

To amma wannan amsar ita ce ta rusa hujjar. Mai kare rai ba ya zaɓen rana, ba ya zaɓen wuri. Harin ne yake zaɓar masa, shi kuwa sai dai ya yi abin da ya samu a cikin 'yan daƙiƙu. Duk wanda ya samu sukunin zama ya auna takobi da mota da bindiga, ya fitar da ranar da ta fi dacewa, to lokaci yana hannunsa, kuma wanda lokaci ke hannunsa doka tana tura shi wajen hukuma ne. Roeder ya ce haɗarin yana gab, tunda washegari Litinin za a buɗe asibiti. Alƙali Warren Wilbert ya amsa masa cewa babu wani haɗari da ya iso ranar Lahadi a cikin coci, balle kuma wani aiki na haram da likitan ke yi a lokacin. Mutumin takardu yake rabawa.

Akwai wani ɗan rikici da ya faru kafin a kai nan, wanda ya tayar wa mutane da yawa hankali. Tun farko alƙalin ya hana hujjar larura, wato mutum ya ce ya karya doka ne don ya hana wata cutarwa da ta fi girma, amma ya ce zai bar ƙofa a buɗe ga wata ƙaramar hujja da dokar Kansas ta tanada: idan mutum ya yi kisa bisa imani na gaskiya, ko da na wauta ne, cewa yanayin ya halatta masa amfani da makami, to laifinsa yana saukowa daga kisan gilla zuwa wani kisan da ya fi sauƙi. Da an bi ta nan, da Roeder ya tashi da ɗaurin kamar shekara biyar. Likitoci da masu kare asibitocin suka yi ca, suna cewa alƙali ya sa wa rayuwarsu farashi. Ni ban ga laifin Wilbert ba. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci a kan shaidar da bai ji ba tukuna, kuma da ya hana mutumin magana tun farko, da ya ba shi makamin ɗaukaka ƙara. Ya bar shi ya yi bayaninsa, bayanin ya nuna babu harin da ya iso kuma babu haramtaccen aiki, sai ya ƙi miƙa wannan zaɓin ga masu taimaka wa alƙali, wato mutanen gari da ake zaɓa su yanke ko mutum ya yi laifi. Minti 37 suka yi a ɗakin shawara. Ranar 29 ga Janairu, 2010 suka same shi da laifin kisan gilla, da kuma laifin yi wa mutum biyun nan barazana da bindiga.

Sharaɗin haramci shi ne inda gardamar take da nauyi. A 2009 zubar da ciki haƙƙi ne da Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar tun hukuncin Roe da Wade na 1973. Doka ba za ta ce wa likita aikinka halal ne da safe, da yamma kuma ta ce wa wani kana iya harbe shi saboda wannan aikin ba. Kotun Ƙolin Kansas ta riga ta faɗi haka tun 1993, a shari'ar birnin Wichita da wata mata mai suna Tilson, wadda ta tare ƙofar wani asibiti ta ce larura ce ta sa ta. Alƙalin ƙasa ya yarda da ita ya sake ta, kotun sama ta ce ya yi kuskure: abin da doka ta halatta ba ya zama cutarwar da za a karya doka don hana ta. Idan larura ba ta wanke mai tare ƙofa ba, ina ga mai bindiga?

Duk wanda ya yi karatun lauya a nan ya san ma larura ba ta taɓa wanke kisan kai a wannan tsari ba. A shekarar farko ake koya mana shari'ar Dudley da Stephens ta 1884, matuƙan jirgin ruwan Ingila da jirginsu ya nutse, suka yi kwanaki a teku ba ci ba sha, suka yanka yaron jirgin mai shekara 17 suka ci. Kotu ta ji tausayinsu, amma ta yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa wata shida. Su nasu ran ne ke kan siraɗi, kuma ba a yarda ba.

Roeder ya san da wannan katanga, sai ya nemi ya zagaye ta. Ya ce ai Tiller ba ya bin dokar Kansas, wadda ta ce cikin da ya kai matakin da ɗan zai iya rayuwa a waje ba a taɓa shi sai likita na biyu mai zaman kansa ya tabbatar da cewa lafiyar uwa tana cikin babban haɗari. A nan ne abin ya fi ɗaure mini kai. Wata biyu kacal kafin kisan, a Maris 2009, jihar Kansas ta gurfanar da Tiller a kan tuhuma 19 da suka shafi wannan batu na likita na biyu, kuma kotu ta wanke shi daga dukkansu. Roeder ya halarci zaman shari'ar. Wato an bi hanyar hukuma, an kai ƙara, an kawo shaidu, ɓangaren da yake goyon baya ya faɗi. Abin da ya yi a coci ɗaukaka ƙara ce da bindiga. Kowane mako ina ganin mutanen da suka fito daga kotu suna rantsuwa an zalunce su, wasunsu ma da gaskiyarsu. Da faɗuwa a kotu tana ba da lasisin kisa, da ba a bar ko lauya ɗaya a raye ba a garin nan.

Ba Roeder ne ya ƙirƙiro wannan hujja ba. Ubanta wani tsohon fasto ne, Paul Hill. A ranar 10 ga Maris, 1993, Michael Griffin ya harbe Dokta David Gunn a Pensacola ta jihar Fulorida, kisan farko irin wannan da aka sani a Amurka. Hill ya fito a talabijin yana cewa kisan daidai ne, ya rubuta wata sanarwa da mutane kusan talatin suka sa wa hannu, mai cewa duk ƙarfin da ya halatta don kare ɗan da aka haifa ya halatta don kare wanda ke ciki. Cocinsa ta kore shi. Ranar 29 ga Yuli, 1994, ya ɗauki doguwar bindiga ya tsaya a ƙofar wani asibiti a Pensacola ɗin, ya kashe Dokta John Britton mai shekara 69 da ɗan rakiyarsa James Barrett, tsohon hafsan sojan sama mai shekara 74, ya kuma raunata matar Barrett. Alƙali ya hana shi kawo hujjar halaccin kisa, shi kuma ya ƙi kare kansa ta wata hanya. Kotun Ƙolin Fulorida ta tabbatar da hukuncin a 1996, aka kashe shi da allurar guba ranar 3 ga Satumba, 2003.

Hill ya fi Roeder kusa da sharaɗin lokaci, tunda a ƙofar asibiti ya yi harbin, da safiyar ranar aiki. Amma ku dubi wanda ya fara mutuwa: dattijon da ya tuƙo mota. Barrett bai taɓa riƙe almakashin tiyata ba. Wannan ne abin da masu wannan hujja ba sa son a tsaya a kai. A cikin mutum 11 da aka saba lissafawa an kashe a irin waɗannan hare-hare a Amurka daga 1993 zuwa 2015, huɗu ne kawai likitoci: Gunn, Britton, Tiller, da Barnett Slepian wanda James Kopp ya harba ta tagar kicin ɗin gidansa a jihar New York a 1998, iyalinsa suna gida. Sauran bakwai fa? Barrett. Mata biyu masu karɓar baƙi da John Salvi ya harbe a Brookline ta jihar Massachusetts a ƙarshen 1994. Ɗan sandan da bam ɗin Eric Rudolph ya kashe a Birmingham ta Alabama a 1998. Sai mutum uku a Colorado Springs a 2015, ɗan sanda ɗaya da wasu biyu da suka rako 'yan'uwa ko abokai.

Haka hujjar take tafiya idan aka sake ta. In likitan mahari ne, nas ɗin da ke miƙa masa kaya fa? Direban fa? Mai gidan da ya ba da haya? Ɗan sandan da zai zo kama mai harbin, shi ma ya zama mai taimakon mahari ke nan, a harbe shi? Matar da ta kawo kanta, wadda ita ce ta nemi a yi, ina matsayinta? Babu inda za a ja layi. Mutum ɗaya ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni.

Na taɓa kai wa kawuna wannan labari. Tsohon alƙalin kotun Musulunci ne, ya yi ritaya, kuma ba ya ƙaunar jin labarin Amurka. Na yi zaton zai ce maganinsu ke nan.

Na ce, "Allah gafarta Malam, idan mutum ya tabbata likita zai zubar da ciki gobe, ya kashe shi yau, mene ne hukuncinsa?"

Ya ce, "Kai Barista, wannan ma tambaya ce? Ka ga ɓarawon shanu a masallacin Juma'a, ka tabbata gobe da dare zai faɗa wa rugar maƙwabcinka. Sai ka soke shi a sahu? Ai sarki za ka je ka gaya wa."

Daga nan ya buɗe babin tunkuɗe mahari, yadda malaman fiƙihu suka tsara shi. Da mafi sauƙi ake farawa: magana da gargaɗi, in ba ta yi ba a yi kururuwa, sannan sanda, takobi shi ne na ƙarshe. In maharin ya juya baya, an gama, ba a bin sa. Ko wanda aka kashe wa uba, aka tabbatar masa da haƙƙin ƙisasi, ba shi da ikon zartarwa sai da izinin shugaba, in ya yi gaban kansa a ladabtar da shi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne da ya zo kan ɗan tayin kansa. Ya kawo hadisin matan nan biyu na ƙabilar Huzailu, da ɗaya ta jefi ɗayar da dutse ta kashe ta da abin da ke cikinta, Manzon Allah (SAW) ya hukunta diyyar ɗan tayin da bawa ko baiwa. A Risala an ƙiyasta wannan da dinari 50 ko dirhami 600. Wato a mazhabarmu, wanda ya jawo ciki ya zube ɗan ya fito ba rai, ya yi babban laifi, akwai diyya a kansa, amma ba a kashe shi a kai. To hukuncin da alƙali kansa ba zai yanke ba, wa ya ba wa mutumin titi?

Ba ina cewa kotun Kansas da fiƙihu take aiki ba. Abin da na lura da shi shi ne tsari biyu da ba su haɗa tushe ba sun tsaya a wuri guda, kuma dalilin a fili yake: duk wanda ya taɓa zama ya raba rigimar jini ya san kowane mai kisa yana da tabbacinsa.

Akwai martani ɗaya da nake girmamawa, kuma ba zan yi kamar ban ji shi ba. Suna cewa: bauta ma halal ce a dokar Amurka a da, shin wanda ya ɗauki makami don 'yanta bawa mai laifi ne? Suna kawo John Brown, kuma a Kansas wannan suna yana da nauyi, don hotonsa yana jikin bangon majalisar jihar a Topeka. A 1856 shi da mutanensa sun kashe magoya bayan bauta biyar a Pottawatomie, a 1859 ya kai hari rumbun makamai na Harpers Ferry, aka rataye shi a Disambar shekarar. Gaskiya ne doka tana iya halatta zalunci, shi ya sa Bahaushe ya ce shari'a saɓanin hankali. Amma wanda ya ce dokar ƙasa azzaluma ce har ya ɗauki makami a kanta, tawaye ya yi, kuma tarihi ne zai yi masa hisabi. Ba zai yiwu ya yi wa doka tawaye, sannan ya shigo kotun wannan dokar ya ce ta sa masa hannu ba. Hill da Roeder so suka yi su haɗa biyun: su yi aikin ɗan tawaye, a sallame su da takardar mai bin doka. Babu kotun da za ta iya ba da wannan ta ci gaba da zama kotu.

Manyan masu adawa da zubar da ciki a Amurka sun gane haka da wuri. Bayan kisan Britton, Kadinal John O'Connor na New York ya ce duk wanda ya ji yana son kashe likitan zubar da ciki, ya zo ya kashe shi a madadinsa. A shekarar 1994 ɗin, wasu malaman cocin Baptis ta Kudu, wadda ita ce babbar ɗarikar Furotesta a ƙasar, suka fitar da doguwar takarda suna bayanin dalilin da ya sa kisa ba ya halatta a wannan gwagwarmaya. Majalisar dokokin tarayya kuma ta yi dokar da ta mayar da tare ƙofar asibiti da yi wa ma'aikatansa barazana laifin tarayya, Bill Clinton ya sa hannu a Mayun 1994.

Kada kuma a ɗauka dokar Amurka ba ta san da ɗan tayi ba sam. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Michigan ta duba shari'ar wata mata mai suna Kurr, wadda ta ce tana ɗauke da cikin 'yan huɗu saurayinta ya naushe ta a ciki, ta gargaɗe shi, ya sake tasowa, ta daɓa masa wuƙa ya mutu. Kotun ta ce tana da haƙƙin kawo hujjar kare abin da ke cikinta, ko da bai kai matakin rayuwa a waje ba. Ga hari na haram, ga shi ya iso, ga mai kariya a wurin. Kotun ta kuma fito fili ta ce wannan bai shafi zubar da ciki na halal ba. Dokar tarayya ta 2004 da ta ɗauki ɗan tayi a matsayin wanda aka yi wa laifi idan aka kai wa uwarsa hari, ita ma ta cire zubar da cikin da mace ta amince da shi.

Inda aka kusa zamewa shi ne Dakota ta Kudu a Fabrairun 2011. Wani ɗan majalisa, Phil Jensen, ya kawo ƙudirin da zai faɗaɗa kisan da doka ta halatta ya haɗa da wanda aka yi don kare ɗan tayi. Ya ce shi irin shari'ar Kurr yake nufi, namijin da ke dukan mai ciki. Wataƙila haka ne a zuciyarsa. Amma jiha ce da a lokacin asibiti ɗaya tak ke wannan aiki, a Sioux Falls, likitocinsa ma daga wata jihar ake kawo su a jirgi, kuma ba a cika shekara biyu da binne Tiller ba. Matsalar irin wannan doka ba yadda alƙali zai fassara ta ba ce, yadda wani mai bindiga zai karanta ta a ɗakinsa ne. Aka yi ta surutu, aka jingine ƙudirin. Wani makamancinsa da aka kawo a Nebraska a shekarar shi ma bai zama doka ba.

Yanzu ƙasa ta juya. Ranar 24 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin Roe a shari'ar Dobbs, ta mayar wa jihohi ikon yanke shawara. A Texas likitan da ya zubar da ciki yana iya fuskantar ɗaurin rai da rai. Sai a ce to sharaɗin haramci ya cika a irin waɗannan jihohi, ko ƙofar ta buɗe? A fahimtata ta ƙara rufuwa ne. Dogaron Hill da Roeder duka shi ne hukuma ta ƙi kare jarirai, don haka babu wanda ya rage sai su. A jihar da aka haramta, ɗan sanda da mai gabatar da ƙara suna ɓangarenka, kiran waya ɗaya ya isa. Mu nan mun san wannan yanayi, don a ƙarƙashin sashe na 232 na Final Kod, kundin dokar laifuka na Arewacin Najeriya, zubar da ciki laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara 14, sai in don ceton ran uwa aka yi. Wannan kundin dai shi ne ya ce babu haƙƙin kare kai inda akwai lokacin neman hukuma. Wanda ya gano wani kemis ko asibitin lungu yana wannan sana'a, ya je ya kashe mai shi, da laifin kisan kai za a gurfanar da shi, kuma in ya zo ofishina ba zan yaudare shi da wata hujjar kare rai ba.

An yanke wa Roeder ɗaurin rai da rai a Afrilun 2010, ba maganar sakin talala sai ya yi shekara 50. A 2014 Kotun Ƙolin Kansas ta tabbatar da laifin, ta sake watsi da hujjar larura da ta kare wani, amma ta soke wa'adin shekara 50 ɗin, saboda Kotun Ƙolin Amurka ta hukunta a 2013 cewa masu taimaka wa alƙali ne ya kamata su tabbatar da dalilan tsananta hukunci irin wannan, ba alƙali shi kaɗai ba. A 2016 aka mayar da shi shekara 25. Dokar da ya raina ita ce ta rage masa rabi.

Iyalin Tiller sun rufe asibitin bayan kisan, kuma Roeder ya nuna jin daɗinsa da haka. A 2013 Julie Burkhart, wadda ta yi aiki da Tiller, ta sake buɗe wani a cikin ginin, ko da yake ba ya karɓar tsohon ciki irin na da. Dokta LeRoy Carhart, da yake zuwa Wichita taya Tiller aiki, ya ci gaba da yin nasa a jihar Maryland. Ranar 2 ga Agusta, 2022 kuma, kusan makonni shida bayan hukuncin Dobbs, aka tambayi mutanen Kansas a ƙuri'ar raba gardama ko a cire kariyar zubar da ciki daga kundin tsarin mulkin jihar. Jiha ce da ta daɗe tana zaɓen 'yan Rifablikan a zaɓen shugaban ƙasa, amma kusan kashi 59 cikin ɗari suka ce a'a.